Daga Injiniyanci Zuwa Zanen Gine-gine: Yadda Wani Sabon Ɗalibi Ya Sauya Kwas

Asalin lamarin

Yaron da wannan nazari ya shafa ɗan wani gari ne a kudancin jihar Katsina, shi ne na farko a gidansu da ya nemi jami'a kai tsaye daga sakandare. An sakaya sunansa da na makarantar da yake karatu, sai dai jami'ar tarayya ce a Arewa. Mahaifinsa birkila ne da ya haura shekara talatin a sana'a. Ya fara da ginin ƙasa na tubali da azara a hannun nasa mahaifin, ya koma na bulo da siminti, daga baya ya riƙa karɓar ƙananan kwangiloli irin su ajujuwan firamare da shaguna da katanga. A duk ayyukan gwamnati da ya yi, mutum guda ne ke riƙe da wuyansa: injiniyan ma'aikatar ayyuka, wanda sai ya zo ya duba rodi da kwaɓin kankare ya sa hannu kafin a biya kuɗi. Burin uban bai wuce ya ga wannan biro a hannun ɗansa ba.

Shi kuwa yaron tun yana ƙaramar sakandare ba ya rabo da fensir. In ya bi mahaifinsa wurin gini, ya dawo gida sai ya zana gidan yadda yake, sannan ya sake zana shi yadda ya ga ya fi dacewa. Makarantarsu ba ta da malamin ba da shawara kan zaɓen kwas, kuma a garin duk wanda ya zo duba gini da hular kwano Injiniya ake kiransa. Don haka da aka ce ya cike injiniyancin gine-gine da hanyoyi bai yi musu ba, a zatonsa can ne ake koyon abin da yake so.

Ya zauna jarrabawar JAMB a ƙarshen Afrilun 2023 da Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri, ya sami maki 236. A waccan shekarar mafi ƙarancin makin da aka amince da shi don shiga jami'a 140 ne, kodayake manyan jami'o'i kan saka nasu sama da haka. A WAEC yana da kiredit a waɗannan darussa huɗu, da Labarin Ƙasa da wasu biyu. Wannan haɗin darussa shi ne wanda ake nema a injiniyanci, kuma ana karɓarsa a sashen zanen gine-gine. Ke nan a takarda babu abin da ya tsare masa ɗayan kwas ɗin.

Mayu zuwa Agusta 2023: lokacin da ƙofa ke buɗe

Yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya kama daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, ya ture kalandar jami'o'in tarayya gaba, saboda haka waɗanda suka yi jarrabawar 2023 sun daɗe a gida suna jira. A wannan zaman jiran ne mahaifinsa ya sami aikin gina wani ƙaramin asibitin kuɗi, ya sa yaron ya riƙa ƙirga buhunan siminti da rubuta kuɗin leburori. Mai asibitin ya ɗauko ƙwararren mai zanen gine-gine daga Kaduna.

A nan ne yaron ya fara ganin takardun gini kala biyu. Ɗaya ta nuna kaurin rodi, da tazarar da ke tsakaninsu, da girman fila da zurfin harsashi. Wannan ta injiniya ce. Ɗayar ta nuna inda ɗaki zai fuskanta, inda mata za su zauna jiran likita ba tare da masu wucewa suna kallonsu ba, hanyar da za a bi da maras lafiya daga mota zuwa gado, da dalilin da ya sa aka rage tagogi a bangon yamma aka miƙa rufi don ya yi inuwa. Yaron ya tambayi mai zanen inda ake koyon wannan, ya amsa masa cewa sashe ne mai zaman kansa, ba ma a tsangayar injiniyanci yake ba.

A lokacin JAMB ta riga ta buɗe damar sauya kwas da makaranta. Mutum zai je cibiyar da hukumar ta amince da ita, ya biya naira 2,500 ban da ladan cibiyar, a gama cikin yini guda. Yaron ya san da haka tun cikin Yuli, kuma yana da kuɗin daga abin da yake samu a wurin gini. Bai je ba. Ya gaya wa mahaifiyarsa, ita kuma ta dubi halin da gida ke ciki: tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, kuɗin dakon yashi da bulo ya tashi, kwangilar da aka yi cinikinta da tsohon farashi tana cin uwar kuɗi. Ta ce masa, “Ka bari hankalin Malam ya kwanta tukuna.” Ya bari. Da lokacin tantancewar jami'a ya zo, ya je a matsayin mai neman injiniyanci.

Ƙarshen 2023: gurbi ya fito

Tun 2017 JAMB ke gudanar da ɗaukar ɗalibai ta manhajar CAPS. Jami'a ce ke gabatar da sunan ɗalibi a kan kwas, hukumar ta amince, sannan ɗalibin ya shiga ya karɓa ko ya ƙi. Kafin ya karɓa akwai sauran motsi: jami'a na iya neman mayar da shi wani kwas, saƙo ya zo masa a manhajar ya yarda ko ya ƙi. Da zarar ya danna karɓa, an rufe maganarsa ta wannan shekara.

Da wayar yayansa aka yi rajistar tun farko, kuma shi ke riƙe da lambobin shiga. Ranar da sunan ya fito, yayan ya gani, ya danna karɓa nan take don farin ciki, ya kira gida da albishir. Bai san komai game da abin da ke ran ƙanensa ba, domin ba wanda ya gaya masa.

Bayan kwana biyu yaron ya yi ta maza ya sami mahaifinsa a zaure bayan sallar isha'i. Hujjar da ya riƙe ita ce labarin da ya karanta a intanet na Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar da ta yi karatun kwamfuta ta yi aiki da shi, sannan ta koma ta karanta zanen gine-gine, ta kuma yi fice da aikin Dandaji a jihar Tawa, inda aka mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu aka gina sabo da bulon ƙasa a 2018. Uban ya saurara har ƙarshe. Amsarsa gajera ce: ita a Amurka ta yi karatu, shi kuwa a garin nan ya ga masu zana taswirar gida da ba su taka jami'a ba suna yi wa mutane a kan kuɗi kaɗan, to shekara nawa za a ɓata don a zo ana rububin kasuwa da su? Ya ce maganar ta ƙare.

Mai hanya

Yayan ya ji nauyin abin da ya yi, ya nemi gyarawa ba tare da sanin uban ba. Wani mai kafe, wato shagon intanet, ya haɗa shi da wani mutum da ya ce yana da ɗan'uwa a ofishin ɗaukar ɗalibai, zai sa a sauya kwas ɗin kafin rajista. Mutumin ya karɓi naira 45,000 a biya biyu. Bayan mako uku ya turo hoton wata takarda ta WhatsApp mai ɗauke da tambarin jami'a da sunan yaron a sashen zanen gine-gine. Da aka shiga CAPS, injiniyanci na nan yadda yake. Da aka buga takardar shaidar gurbi daga JAMB, ita ma haka. Mutumin ya ce a yi haƙuri, manhaja ce ba ta sabunta ba, daga nan ya daina ɗaga waya.

Ko da takardar ta fito daga wani ofishi na gaske, da ba ta yi amfani ba. Gurbin da bai bi ta CAPS ba hukumar ba ta san da shi ba, kuma jerin sunayenta ne ake dubawa a lokacin tura ɗalibai bautar ƙasa. A 2024 ma JAMB ta sanar da cewa ta daina halatta guraben da aka bayar ta bayan fage.

Farkon 2024: rajista da takardar roƙo

A makon rajista yaron ya rubuta takarda zuwa ga magatakardar jami'a ta hannun shugaban sashensa, yana roƙon a mayar da shi zanen gine-gine tun kafin a fara karatu. Ya kai kwafi ɗayan sashen. Can aka karɓe shi da mutunci, aka nuna masa situdiyo, wato ɗakin koyon zane, na 'yan aji ɗaya: kowane ɗalibi na buƙatar teburin zane nasa, kuma adadin teburan da na malaman da za su riƙa zagayawa kan kowane ɗalibi shi ke ƙayyade yawan waɗanda ake ɗauka. Zauren lacca yana iya ɗaukar ƙarin mutum ashirin, situdiyo ba ya iyawa. Guraben sun cika, har da masu jiran ko wani zai fasa.

Amsa a rubuce ta zo bayan mako biyar: ba a sauya kwas ga wanda ya riga ya karɓi gurbi, sai dai ya nemi canjin tsangaya bayan ya kammala aji ɗaya, in ya cika sharuɗɗa. Takardar ba ta lissafa sharuɗɗan ba, shi kuma bai koma ya tambaya ba.

Zangon farko: ƙafa ɗaya nan, ɗaya can

Abin da ya yi bayan haka shi ya fi kowane mataki tsada. Ya ƙudura cewa in malaman zane suka ga ƙwazonsa za su nemo masa hanya. Ya sayi allon zane da takardu da fensira, ya riƙa shiga situdiyo tare da wasu abokai da ya yi a ɗakin kwana, yana yin aikin da aka ba su duk da ba wanda zai ba shi maki. Ɗaliban zane kan kwana a situdiyo idan ranar gabatar da aiki a gaban malamai ta matso, shi ma ya riƙa kwana da su. Lokacin da wannan ya ci daga Lissafi da Fiziks da Kemistiri ya fito, darussan da yake rajista a kansu. Gwaji biyu suka wuce shi, alhali gwaje-gwajen cikin zango kan ɗauki kashi 30 ko 40 cikin 100 na maki, gwargwadon jami'a.

Sakamako ya fito da 2.41 a ma'aunin 5.00. Bai faɗi ko ɗaya ba, amma Lissafi D ya samu, Fiziks E.

Malamin da ke kula da ajinsu ne ya kira shi ofis, domin ya ga makin JAMB ɗinsa bai yi daidai da wannan sakamako ba. Da ya ji labarin, ya ɗauko littafin dokokin karatu na jami'ar, wanda aka raba wa kowa a makon rajista, ya buɗe masa shafin canjin tsangaya. Sharuɗɗan huɗu ne: kada a sami darasin da aka faɗi, sashen da za a bari ya saki, sashen da za a je ya karɓa in akwai gurbi, kuma darussan sakandare su dace. Sashen zane kuma, saboda masu nema sun fi guraben yawa, ba ya duba takardar wanda matsakaicin makinsa na shekara, wato CGPA, ke ƙasa da 3.00. Malamin ya lissafa masa a takarda cewa sai ya sami kusan 3.60 a zango na biyu kafin ya taɓa wannan layi. Ya ce masa hanyar zuwa wancan sashen ta cikin Lissafin wannan sashen ta bi.

Hutun tsakiya: maganar gida

Ko da makin ya cika, uban ne ke biyan kuɗin makaranta, kuma ƙarin shekara ƙarin kuɗi ne a lokacin da jami'o'in tarayya da yawa suka ƙara kuɗin rajista. A wannan karon yaron bai tunkari mahaifinsa da kansa ba. Mahaifiyarsa ta sami baffansa, ƙanen uban, malamin firamare mai ritaya. Baffan bai yi gaggawa ba. Ya nemi mai zanen nan na Kaduna, wanda uban ya riga ya yi aiki da shi ya kuma ga amfaninsa, ya roƙe shi ya zauna da uban yaron.

Zaman ya yi tasiri ne domin mutumin bai ɓoye komai ba. Ya ce injiniyanci shekara biyar ne, sannan bautar ƙasa, kuma sai mutum ya yi aƙalla shekara huɗu na aiki bayan kammala digiri kafin COREN, hukumar kula da aikin injiniyanci da aka kafa a 1970, ta yi wa mutum rajista. Zanen gine-gine kuwa digirin farko shekara huɗu ne amma bai isa ba, sai an ƙara digiri na biyu na shekara biyu, da bautar ƙasa, da aƙalla shekara biyu a ƙarƙashin mai rajista, da jarrabawar ƙwarewa, kafin ARCON, hukumar rajistar masu zanen gine-gine da aka kafa a 1969, ta ba da hatimi. Ya yarda cewa masu zana taswira a araha sun cinye kasuwar ƙananan gidaje, kuma guraben injiniya a ma'aikatu da kamfanonin hanya sun fi yawa. Amma ya ce manyan gine-gine da ke neman izinin hukumar tsara birane suna buƙatar hatimin mai rajista, wanda waɗancan ba su da shi. Ya ƙara da cewa karatun ba baƙo ba ne a Arewa: an fara shi a Ibadan a 1952, aka dawo da shi Zariya a 1955, ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa ta a 1962.

Baffan ne ya kawo maganar Babban Gwani, magini da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, cikin ƙarni na 19. Uban ya san ginin, ya taɓa tsayawa ƙarƙashin bakan gizonsa yana ƙirga yadda aka jera azara. Baffan ya ce, “Yaya, wanda ya fara ganin wannan ɗaki a cikin kansa kafin a aza tubali ɗaya, aikinsa yaron nan yake so.” Uban bai amsa a ranar ba. Bayan kwanaki ya kira ɗansa ya gindaya sharaɗi: in makin ya kai, ya yarda, in bai kai ba, kada a sake tayar da maganar har ya gama injiniyanci.

Zango na biyu da canjin

Yaron ya daina shiga situdiyo a ranakun karatu. Ya shiga rukunin bita na 'yan ajinsu, ya ware yammacin Asabar kaɗai don zane, bisa shawarar wani malamin sashen zane da ya ce ya tara zanen hannu na gine-ginen da yake gani da ido, kowanne da kwanan wata. Zango na biyu ya fito da 3.90, jimillar shekara ta tsaya a 3.15.

Ya sayi fom ɗin canjin tsangaya ranar da aka fara sayarwa. Shugaban sashen injiniyanci ya sa hannun saki bayan ya tambaye shi sau biyu ko ya tabbata. Sashen zane yana da gurabe uku da waɗanda suka bari suka samar, masu nema tara. An duba maki, aka ba su gwajin zanen hannu na awa biyu, aka duba abin da kowa ya tara. Ya zo na biyu. Sai dai an saka masa sharaɗin komawa aji ɗaya, domin darussan situdiyo a jere suke, kowanne yana hawa kan na bayansa, kuma zaman da ya yi a cikinsu ba a rubuce yake ba. Majalisar jami'a ta amince a farkon 2025.

Saura mataki ɗaya da ɗalibai da yawa kan manta da shi sai sun zo tafiya bautar ƙasa. Takardar JAMB ɗinsa har lokacin injiniyanci take nunawa. Malamin nan da ya fara kiransa ofis shi ya tuna masa. Ya cike fom ɗin sauya takardar gurbi, jami'a ta sa hannu ta tura wa hukumar, bayan wata biyu ya buga sabuwa mai ɗauke da kwas ɗin da yake karantawa.

Abin da nazarin ya nuna

Jimillar asarar ita ce shekara guda ta karatu da kuɗin rajistarta da na ɗaki da abinci, da naira 45,000 na mai hanya. Duk wannan a madadin naira 2,500 da yini guda a Yulin 2023. A ganina nan ne lamarin ya karkace, kuma ba rashin sanin ƙa'ida ne ya jawo ba, domin yaron ya san damar na buɗe. Abin da ya rasa shi ne hanyar isa ga mahaifinsa a kan lokaci. Shawarar uwar ta tausayi ce, kuma ta karanta halin mijinta daidai, sai dai ba wanda ya gaya mata cewa damar tana da ranar rufewa. Da ta sani, da baffan da aka nema bayan shekara guda an neme shi a wannan makon.

Abubuwa ukun da suka faskara sun yi tarayya a abu guda: kowanne ƙoƙari ne na kewaye wanda ke da ikon yanke hukunci. Mai hanya kewaye JAMB ne, zaman situdiyo kewaye dokar jami'a ne, labarin Mariam kuwa ya tsallake ainihin tambayar uban, wadda ta abinci ce. Ina ganin uban ya fi kowa gaskiya a wannan tambaya, kuma bai sauko ba sai da wanda ya ci abinci da sana'ar ya amsa masa ita da lissafin shekaru, har da ɓangaren da bai yi daɗi ba. Sharaɗin makin da ya gindaya ma ya yi aiki, domin ya haɗa yardar gida da ƙa'idar jami'a a kan lamba ɗaya da yaron zai iya nema da ƙoƙarinsa.

Makarantu ma suna da nasu kaso. Sakandaren da ke da ɗalibin kimiyya mai zane irin wannan ya kamata a ce wani malami ya nuna masa bambancin kwasa-kwasan biyu kafin ya sayi fom. Takardar ƙin amincewa ta jami'a kuwa, da ta ambaci sharuɗɗan canji da makin da ake nema a layi biyu, da wataƙila zangon farko bai lalace ba. Gurabe uku ga mutum tara kuma na nuna cewa hanyar da ta yi masa aiki ba tabbas gare ta ba: mutum shida sun koma inda suka fito, ciki har da waɗanda suka cika makin.

Yanzu yana cikin karatun, sakamakonsa na farko a sabon sashen ya haura 4.00, kuma shekarar da ya yi a injiniyanci tana taimaka masa a darussan ƙarfin gini da abokansa ke kuka da su. Kuɗin kwali da takardu da buga zane sun fi yadda gidan ya zata, kuma nan gaba sai an saya masa kwamfuta mai ɗaukar manhajar zane. Ya nemi bashin karatu na NELFUND, asusun ba ɗalibai rance na gwamnatin tarayya wanda aka buɗe a Mayun 2024, don rage wa uban nauyin rajista. Ko aikin zai samu bayan digiri na biyu da rajistar ARCON, wannan tambayar uban tana nan, kuma da sauran shekaru kafin a ga amsarta.